Yawon yini ɗaya zuwa Trakai: jirgin ruwan ya ci kuɗinsa, cikin gari ne aka yi mana rowa

Duk wanda ya kwana biyu a Vilnius, babban birnin Lituweniya, sai an tallata masa tafiyar Trakai. Hoton tallar kuma kullum ɗaya ne, jar fada zaune a tsakiyar ruwa. Na sayi irin wadda ake haɗa komai a kuɗi ɗaya: ƙaramar bas daga bakin otal, 'yar jagora mai jin Turanci, tikitin shiga fada, da zagayen tafki a jirgin ruwa. Ban yi asarar kuɗina ba, amma yadda kamfanin ya raba lokacin bai yi mini ba.

Tafiyar ba nisa, kilomita 28 ne yamma da Vilnius. Garin ƙarami ne, mutanensa 'yan dubbai, kuma yana shimfiɗe ne a kan wani siririn zirin ƙasa da tafkuna suka matse. Luka na gabas, Totoriškės na yamma, Galvė kuma ya tare arewa. Saboda haka kusan titi ɗaya ne garin, kana tafe ruwa na leƙowa ta tsakanin gidaje hagu da dama. Tafkunan nan ragowar zamanin ƙanƙara ne, manyan curin ƙanƙara suka kwarzane ƙasar, da suka narke ruwa ya cike ramukan. Galvė shi ne babba a cikin ukun, tsibirai 21 gare shi, zurfinsa kuma ya wuce mita 46 a wani wurin.

Abin da na fi yaba wa kamfanin shi ne da jirgin ruwa aka fara, kafin a shiga fada. Daga kan ruwa ne mutum zai gane dalilin kafa gari a nan. A ƙarni na 14 Lituweniyawa na bin addinin gargajiya, su ne na ƙarshe a Turai da suka karɓi Kiristanci, sai a 1387. Mayaƙan Teuton, Jamusawa masu yaƙi da sunan addini, sun yi ta kawo musu hari daga yamma. Aikin da ganuwa ta yi wa Kano da Katsina, shi ruwa ya yi wa Trakai: maharin da ya zo da doki da sulke dole ya tsaya a bakin gaɓa. Basarake Kęstutis ya gina fada a bakin zirin, ya kuma soma wata a kan tsibiri, ɗansa Vytautas ya kammala ta wajen 1409. Mai tuƙa jirgin ya rage gudu a bayan tsibirin, inda bango ya sauko dab da ruwa, sannan ya nuna mana wani farin gida can tsallake, Užutrakis, na iyalin Tyszkiewicz, wanda aka gina a ƙarshen ƙarni na 19.

'Yar jagorar ta san Vytautas kamar kakanta ne. A zamaninsa ƙasar ta miƙe tun daga tekun Baltik har Baƙin Teku. A 1410 shi da ɗan baffansa Jogaila, sarkin Poland, suka karya mayaƙan Teuton a yaƙin Grunwald. Abin ban dariya, shekara guda ke nan da gama fadar, sai ga abokan gaban da aka gina ta dominsu sun rasa ƙarfi, ta koma wurin zama da saukar baƙi. A cikinta Vytautas ya rasu a 1430 yana jiran kambin da zai mai da shi cikakken sarki, manyan Poland sun tare 'yan aiken a hanya. Daga baya fadar ta zama kurkuku, yaƙi da Rasha a tsakiyar ƙarni na 17 ya lalata ta, ta zauna kango shekaru aru-aru.

Nan ne na ƙara ganin girman matar, don ba ta ɓoye mana cewa yawancin abin da muke ɗaukar hoto sabon gini ba ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka tashi sake ginin gadan-gadan, a zamanin Tarayyar Sobiyet, aka buɗe gidan tarihi a ciki a 1962, aikin bai ƙare ba sai 1987. Ta kai mu jikin wani bango ta ce mu duba da kyau. A ƙasa manyan duwatsu ne da tsohon tubali da ya yi duhu, gefensa duk ya cinye, daga sama kuma sabon jan tubali ne mai kaifin kusurwa, an jera shi tsaf. Da yatsa za ka iya bin layin da tsoho ya tsaya sabo ya ɗora. Ta kuma nuna mana ramin da ya raba farfajiyar waje da ainihin fada, wanda yau a bushe yake, amma a da ruwa ne a ciki, don tafkin ya fi haka cika a wancan zamani.

Mai ciwon gwiwa ya shirya. Tsakar fadar matsattsiya ce, barandar katako ce ta zagaye ta hawa-hawa, matakalan kuma a tsaye suke, ga jama'a masu hawa da masu sauka a lokaci ɗaya.

To, daga nan tsarin kamfanin ya soma ba ni haushi. An bi da mu ɗaki bayan ɗaki, tsabar kuɗi na da, makamai, tangaran, har da tarin lofe na shan taba. Kayan suna da kyau, amma sai da suka cinye lokacin da ya kamata a ba garin. Da muka tsallako gadar katako muka dawo tudu, sai aka ce kowa ya nemi abinci ya dawo mota maza-maza.

Alhali titin da muka fito kansa shi ne abin da ya bambanta Trakai da sauran garuruwa masu fada a Turai. Titin Karaim ne. Wajen 1397 Vytautas ya kwaso iyalan wata al'umma da ake kira Karaim daga Kirimiya, can gaɓar Baƙin Teku, ya zaunar da su a nan, tsakanin fadojin biyu. Harshensu dangin Turkanci ne, addininsu kuma Attaura zalla suke bi, ba su ɗaukar Talmud, littafin bayanan malaman Yahudawa. Gidajensu na katako ne, an shafe su da fenti kore ko rawaya, kowanne da taga uku masu kallon titi. Abin da ake faɗa shi ne ɗaya ta Allah ce, ɗaya ta Vytautas, ɗaya ta masu gida. Ɗakin ibadarsu na katako, kenesa, yana nan tsaye a titin. Yawansu a duk ƙasar bai wuce 'yan ɗaruruwa ba yanzu, harshen ma yana neman ɓacewa. Duk wannan a tsaye aka faɗa mana, cikin 'yan mintuna, direba na duba agogo.

Tatar kuwa ba a ko ambace su ba sai da na tambaya. Su Musulmi ne, zamanin Vytautas ɗin nan suka zauna a yankin, suka yi masa yaƙi har a Grunwald, kuma sunansu tafkin Totoriškės ya ɗauka. Da na tambaya ta amsa da kyau, alamar ta sani, tsarin yawon ne bai ba su wuri ba. Babu masallaci a cikin Trakai yau, sai dai akwai tsoho na katako a wani ƙauye tsakanin nan da Vilnius, wanda ake kira ƙauyen Tatar Arba'in.

Abincin garin kibinai ne, na Karaim. Kwaɓin fulawa ne ake naɗe yankakken nama da albasa a ciki, a gasa, ya fito kamar jinjirin wata. Na asali da naman tunkiya ake yi. Amma yanzu shaguna na yin sa da nama iri-iri, har da na alade, don haka a tambaya kafin a saya. Ni na kayan lambu da na cuku na ci, da zafinsu, kuma sun yi daɗi.

Wanda yake son tarihin sarakuna kuma ba ya son wahalar neman hanya, yawon ya dace da shi, musamman idan ya yi dace da jagora irin tamu. Wanda kuwa garin yake son gani, gara ya hau jirgin ƙasa ko bas daga Vilnius da kansa, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Daga tasha zuwa fada wajen kilomita biyu ne a ƙafa, kuma hanyar ta ratsa garin daga farko har ƙarshe, ta gefen kangon fadar Kęstutis da mu ba a ko tsaya da mu ba. Jiragen ruwa na nan jere a bakin gada, sai dai a tuna da hunturu tafkin daskarewa yake yi.