Kulob ɗin Ingilishi na yara a Plateau na Yamai: abin da na gani a makon kabewa da jemage

Assalamu alaikum iyaye ƴan uwana. Tun ranar da na saka hoton kabewar Halowin mai ido da haƙora da anka fafe a kulob ɗin Ingilishi na ɗiyana a WhatsApp mutane ke ta tambayata ina ne wurin, nawa ake biya, wasu kuma kai tsaye sunka ce mini wai bikin nasaru na kai ɗiyana, to bari in zauna in rubuta komi sau guda kowa ya karanta ya yi ma kansa hukunci. Sunan wurin ba zan faɗa ba, don akwai inda zan yaba akwai kuma inda raina ya ɓaci, kuma ba na son a ce na ɓata ma mace sana'arta.

Wani gida ne a kartiye Plateau da anka gyara falonsa da garejinsa anka mai da su aji biyu. Laraba da marece da Asabar da safe ake zuwa, kowace rana awa ɗaya da rabi, jaka goma a wata kowane yaro, in kana da biyu ana rage maka kaɗan. Ni biyu na kai, babbar yarinyata mai shekara 9 da ƙanenta mai shekara 6. Dalilin da ya sa na kai su kowa ya san shi, a lakwal ɗin gwamnati yaro ba ya fara Ingilishi sai ya shiga sizyam, ajin farko na kolej, kuma mu da munka bi ta wannan hanya mun san yadda take, shekara da shekaru ana kwafar darasi daga tabulo zuwa kaye amma baki bai buɗe ba. Ga shi tun watan Maris na 2025 sabon kundin ƙasar Nijar ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki, ga babansu yana yawan tahiya Kano saro kaya ta Maraɗi yana dawowa yana cewa ko takardar kaya ce da Ingilishi take zuwa. Shi ya sa da anka koma lakwal farkon Oktoba na rubuta su.

Makonni biyu na farko lahiya lau, gaisuwa, ƙirga ɗaya zuwa goma, kala. Sai Larabar mako na ukku na je ɗaukarsu na tarar an liƙa jemagu na baƙin kwali a bango, an ja zaren ulu fari daga taga zuwa fanka kamar yanar gizo, ga wata ƙatuwar kabewa a tsakiyar tabarma irin waɗanda ake saukewa daga kwale-kwale a bakin kogi kusa da gadar Kennedy. Na tsaya na ce ma mai wurin, Madam wanga mine ne? Ta ce Hajiya Halowin ce ke zuwa, da ita za mu yi darasi har ƙarshen wata.

Gaskiya ban ji daɗi ba a lokacin, kuma har yanzu ina kan bakana cewa nan sunka yi kuskure babba. Akwai gurup na iyaye a WhatsApp, kullum ana tuna muna ranar biyan kuɗi, to mi ya hana a rubuta layi ukku a ce ga abin da za mu yi, ga dalili, wanda bai so ba ya faɗa? Mu musulmi ne, wanga ba bikinmu ba ne, kuma uwa tana da hakkin ta san abin da za a nuna ma ɗanta kafin a nuna mashi. Na san mata biyu da sunka hana nasu zuwa wannan makon kuma ban ga laifinsu ba ko kaɗan.

Ni dai na koma gida na bincika. Halowin ranar 31 ga Oktoba ake yin ta, a 2025 ta faɗo Juma'a. Asalinta daga Ayilan da Sikotlan ne, wani tsohon biki na ƙarshen girbi da shigowar hunturu da suke kira Samhain, daga baya ya haɗu da jajibirin ranar 1 ga Nuwamba wadda kiristoci ke tunawa da waliyyansu, wadda masu Faransanci sunka sani da Tusan. Mutanen Ayilan da sunka yi ƙaura zuwa Amurka, musamman bayan babbar yunwar da ta fara a 1845, su sunka tahi da al'adar can, kuma a gidansu wani irin tushe mai kama da rogo suke fafewa su sa wuta ciki, sai da sunka isa Amurka sunka samu kabewa ta fi girma ta fi sauƙin fafa. Yau a can yawanci abin yara ne, su yi shiga su bi gida gida ana ba su alewa. Da na karanta wannan sai tashe ya faɗo mini a rai, da tobe-tobe ɗin da yaran Yamai ke yi cikin azumi su shafa ma jikinsu farin kasa su bi ƙofa ƙofa ana ba su hatsi da ƴan dala. Ba abu guda ba ne, tushensu daban, amma yaro ko'ina yaro ne, yana son ya ɓadda kama ya tsorata ƙanensa a ba shi abin daɗi.

Na gaya ma babansu, ya ce ki je ki zauna ki gani da idonki, in kin ga abin da bai dace ba ki kwaso su. Ranar Asabar na roƙi Madam ta bar ni in zauna a baya, ba ta yi musu ba, har kujera ta sa aka kawo mini.

Abin da na gani shi ya sa nike wannan dogon rubutu. Yara goma sha takwas a kan tabarma, babu kaye babu bik, Madam ta ɗauko wata baƙar jaka ta atamfa ta ce kowa ya rufe ido ya sa hannu ya ciro abu guda. Yarona ya ciro gizo-gizo na roba ya yi ihu ya jefar, duk aji anka fashe da dariya har shi, sai ta ɗauka ta ɗora a tafin hannunta ta ce spider, kowa ya maimaita, ta ce a ƙirga ƙafafunsa, sunka ƙirga har takwas da Ingilishi suna taɓa kowace ƙafa da yatsa. Daga nan ta ɗora shi kan kabewa, ta sa shi ƙarƙashin kujera, ta jefa shi cikin kwando, kowane lokaci tana tambaya ina yake, yara na rige-rigen amsa on, under, in. Waɗannan ƴan kalmomi ukku ni na tuna yadda sunka wahal da mu a kolej don jeri anka ba mu mu haddace, ga ɗan shekara 6 ya kama su cikin minti goma saboda shi da kansa ya rarrafa ƙarƙashin kujera ya ɗauko gizon.

Bayan nan anka fito da ƙwarangwal na kwali da anka yanka gunduwa gunduwa, kai daban, hannu daban, ƙafa daban, anka ɓoye a tsakar gida. Ta faɗi sunan gaɓa da Ingilishi, yara su ruga su nemo, wanda ya samo ya taɓa tasa gaɓar ya faɗi sunanta sannan a liƙa. Babbar tawa ta dawo gida tana gaya ma kakarta wai babban mutum ƙashi 206 ke jikinsa, kakar ta ce Allah mai iko. Da anka tashi na tambayi Madam ina ta samo wagga hanya, ta ce tsohuwa ce, wani malamin jami'a ɗan Amurka James Asher ya fito da ita tun shekarun 1960, wai yaro ya fara jin magana yana aikata ta da jikinsa kafin a matsa mashi ya furta, kamar yadda jinjiri ke gane zo da tahi da kawo tun bakinsa bai iya faɗinsu ba. Wannan kam kowace uwa ta san gaskiya ne.

Wajen furuci ma tana da haƙuri sosai. Ɗiyanmu abu biyu ke jan harshensu, Hausa da Faransanci. Yarona kabewa famkin yake ce mata don p ɗin ba ya fita, sai ta yago ƴar takarda ta riƙe gaban bakinsa ta ce ya haɗe leɓɓansa ya saki iska har takardar ta motsa, ya yi ta yi yana dariya har ta fito. Ita kuma babbar da ta riga ta iya karatun Faransanci in ta ga kalma a rubuce sai ta karanta ta da muryar Faransanci, shi ya sa Madam ba ta nuna rubutu sai yara sun ji kalmar sun faɗe ta sau da yawa. Na ƙirga abin da sunka shigo da shi gida cikin mako biyu, ya haura kalma ashirin, jemage, mujiya, kyanwa, wata, dare, tsintsiya, kyandir, kala baƙi da ruwan goro, gaɓɓan jiki, kuma ba haddar aku ba ce. Da magariba muna cikin taksi jemagu sunka taso daga itatuwan Plateau sunka cika sama, yaron ya leƙa taga yana nunawa yana bat bat bat, har mai taksi ya juyo ya ce Hajiya wanga ɗan Gana ne?

To yanzu ga abin da ya ɓata mini rai da gaske. Cikin katunan da anka ba su akwai hoton tsohuwa mai dogon hanci da doguwar hula tana bisa tsintsiya, wato mayya, anka koya musu sunanta kamar yadda anka koya na kyanwa. Ranar Lahadi da safe maƙwabciyarmu, tsohuwa ce mai sayar da ƙosai da ta riƙe ɗiyan nan tun suna goye, tana sharar ƙofar gidanta, yarona ya nuna tsintsiyar ya ce broom, na ce yawwa, sai ya nuna ta ya ce witch. Wallahi gabana ya faɗi. Ita ba ta ji mi ya ce ba sai murmushi take tana cewa ɗan nan ya zama bature, amma ni na san mi ya ce, kuma na san a garinmu kalmar mayya ba wasa ba ce, tana raba zumunci, tana sa a guji tsohuwa a bar ta ita kaɗai har mutuwa. A Amurka hoton katun ne kawai, a nan mutum ce mai rai da ke kwana bayan katangarmu. Na shiga da shi ɗaki na zaunar da shi na yi mashi bayani har ya gane, sannan ranar Laraba na je da wuri na samu Madam ita kaɗai. Ta yi shiru, ta ce Hajiya ban yi wanga tunani ba, a intanet na sauko da katunan gaba ɗaya. A gabana ta cire katin mayya da na fatalwa daga jakar, na ji daɗin wannan sosai don wata da gardama za ta tsaya yi. Fatalwar ma ta yi nata aiki, dare biyu da kuran ya ɗauke yaron ya ƙi zuwa bayi shi kaɗai sai da yayarsa ta riƙe mashi tocila. Ƴan shekara 5 da 6 bai kamata a haɗa su aji guda da ƴan 10 a irin wanga darasi ba, abin da ke ba babba dariya shi ke hana ƙarami barci.

Sauran ƙananan abubuwa: ɗakin ya yi kaɗan ma yara goma sha takwas, fanka guda cikin zafin Oktoba, iyaye kuma babu inuwar da za su jira sai bakin titi. Alewa ta yi yawa ranar ƙarshe. Laraba kan ja lokaci har kusan kiran sallar magariba, wanda ke zaune Harobanda ko Talaje ya lissafa da cunkoso.

Na sake biyan kuɗin Nuwamba duk su biyu, don abin da ya yi aiki a darasin nan ba tsoron ba ne, abubuwan da yaro ya taɓa da hannunsa ne kuma yake ganinsu a gida, kabewa muna da ita, jemage muna da shi, gizo kam tun muna ƙanana muke jinsa a tatsuniya shi da Ƙoƙi. Na ce ma Madam azumin 2026 na tahe cikin Fabrairu, mi zai hana ta yi irin wanga da tashe, yara su yi shigar zomo da kura da dodo su koyi sunayen dabbobi da na abinci da ƙirgar kuɗi, babu uwar da za ta ɗaga gira. Ta ɗauko kaye ta rubuta, ta ce in an kusa in zo mu tsara tare kuma wannan karon za ta sanar a gurup tun da wuri. Kabewar da anka fafe kuwa cikinta bai tahi banza ba, Madam ta raba ma iyaye a leda, nawa kason na yi miyar taushe da shi daren Asabar, yaron yana ci yana gyara p ɗinsa da hannu a gaban baki.