Vive Tracker 3.0: Ya Iya Bibiyar Jiki, Amma Ba Ya Shiri da Madubi

Wannan ƴar na'urar kamfanin HTC ta 2021, wadda ake ɗaurawa a jiki don ta kai motsinka cikin VR (duniyar kwamfuta da ake gani ta gilashin da ake sawa a fuska), nauyinta giram 75 ne, batirinta kan kai awa bakwai da rabi. Guda uku sun isa bibiyar cikakken jiki: ɗaya a ƙugu, biyu a ƙafafu. Hasken leza na tashoshin SteamVR (ƙananan akwatuna masu haska ɗakin da leza) take karantawa, ta gane inda kake da inda ka juya, kuma ba ta cika kuskure ba.

Sai dai a kafa tashoshin sama da tsayin mutum, kusurwa da kusurwa, a sunkuyar da su ƙasa kaɗan, a ɗaure tamau. Madubi ko gilashin taga yakan mayar da hasken, sai ka ga ƙafarka ta cikin VR ta yi tsalle ta koma gefe. Rufe madubin da tagar da zane. Abin haushi, kowace na'ura sai da nata dongul na USB (ɗan abin karɓar sigina da ake haɗawa da kwamfuta), kuma in an cunkusa su wuri ɗaya sigina yakan yanke.