Shago a Kejetia ko siton masara a Ejura?

Matasa masu ɗan jari a unguwar Aboabo da ke Kumasi, Ghana, suna ta muhawara kan wannan zaɓi: shago a Kejetia, babbar kasuwar Kumasi, ko siton masara a Ejura, garin manoma a yankin Ashanti. Shago kam ciniki kullum, kuɗi a hannu, sai dai haya na cin riba.

Ni sito nake goyon baya. Da kaka, manomin Ejura kan zubar da masararsa da arha don ba shi da wurin busarwa da ajiya. Farashi na hawa, dillali ne ke cin moriya. Sito zai ba manomin damar jira, 'yan dako da masu ɗinkin buhu su samu aiki, kuɗin ya zagaya cikin garin. Amma sai an yi haƙurin watanni, kuma masarar da ba ta bushe sosai ba, ƙwari da fumfuna za su lalata ta.