Wata takwas da Dattijo: sharhina kan ɗauko tsohon kare daga gidan ceton dabbobi

Ni 'yar Zariya ce, kuma a unguwarmu kare na waje ne. Ya kwana a ƙofar gida, ya ci ragowar tuwo, ya yi haushi da dare, shi ke nan. Shi ya sa da yara suka dame mu a nan birnin Sheffield na Ingila sai an kawo musu kare, muka shekara muna tura su: ni in ce sai Babanku ya yarda, shi ya ce sai Mamanku ta yarda. Da aka fasa motoci biyu a layinmu, ga maigida yana aikin dare a asibiti, sai na sauko da kaina.

Na ɗauka zuwa za mu yi mu nuna wanda muke so mu biya, kamar sayen rago. Ashe ba haka ba ne. Sai da muka cike takarda ta intanet, aka kira mu a waya, sannan wata ma'aikaciyarsu ta zo har gida. Ta duba tsayin shingen bayan gida, ta tambayi wa ke wuni a gida, ta nemi ganin izinin mai gidan da muke haya. Da na nuna mata rumfar katako da na shirya masa a waje, ko kunyata ba ta ji ba ta ce ba sa ba da kare ya kwana a waje. Raina ya ɓaci ranar. Da sanyin Janairu ya shigo, ban sake tayar da maganar ba.

Ita ce ta kawar da mu daga kwikwiyo. Ta ce gidan da bai taɓa zama da kare a ciki ba, kwikwiyo zai cinye takalma ya cinye haƙuri. Ta haɗa mu da wani baƙin kare mai jinin irin karnukan da ake kira Labrador, ɗan shekara 10, bakinsa duk furfura, wanda mai shi ya tsufa aka kai shi gidan kula da tsofaffi. Sau uku muka je muka zaga da shi kafin su sallama mana. Yara suka sa masa Dattijo. An ba mu shi a dandaƙe, da rigakafinsa, da maganin ƙuma da tsutsar ciki, da 'yar na'urar shaida da ake sawa ƙarƙashin fata, wadda doka ta wajabta wa karnuka a Ingila tun 2016. Su suka mayar da rajistar da sunanmu.

A nan dole in yaba musu: duk abin da suka faɗa kan halinsa haka muka same shi. Bai taɓa ɓata ɗaki ba, ba ya tsalle kan baƙi, zagaye biyu gajeru a rana sun ishe shi. Sun kuma gaya mana tun farko yana da ciwon gaɓoɓi a ƙafafun baya, kullum sai an ɗiga masa magani a abinci.

Inda suka gaza shi ne haƙora. Takardarsu ta ce "suna bukatar kulawa nan gaba". Nan gaban ta zo a sati na shida, bakinsa yana ɗoyi ya daina cin busasshen abinci. Likitan dabbobi ya sa masa maganin barci ya cire haƙora huɗu, kuɗin ya ninka abin da muka biya gidan ceton sau uku. Inshora kuwa ta zame, domin ba ta biyan ciwon da dabba ta zo da shi. A nan babu asibitin gwamnati na kyauta ga kare, aljihunka ne. Da sun zaunar da ni sun yi mini wannan lissafin, da na shirya.

Wani abin da na koya a makare: ragowar miyarmu ba tasa ba ce. Albasa tana lalata wa kare jini, dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa a cikinsa, inabi da cakulan ma guba ne gare shi. Kwashe kashinsa da leda a kan titi kuwa, har yau maigida ne ke yi, ni dai ban kai nan ba.

Batun addini mun tambayi malaminmu. Ya ce a Malikiyya jikin kare ba najasa ba ne, amma kwanon da ya lasa a wanke sau bakwai, kuma an halatta riƙe shi don gadi, farauta ko kiwo. Muka sa ƙaramar ƙofa tsakanin kicin da falon da muke salla. Saman bene ko an gayyace shi ƙafa ba za ta kai shi ba. Tsarin gidanmu ne wannan, ba fatawa ba.

Gadin da aka ɗauko shi dominsa fa? Kunnensa ɗaya ya mutu, mai kawo wasiƙa yana zuwa ya tafi Dattijo na minshari. Surukata da ta yi sati biyu ba ta ɗaga wayata saboda shi, jiya muna gaisawa sai ta ce, "Ina tsohon nan naku? Ya ƙafar tasa?"