Printf ta UART, SWO ko ETM: wanne zai fisshe ka?

Malam, na ga tambayarka daga Jidda, ka ce kana haɗa kwantirolar famfon sola a kan cif ɗin STM32F103, da zarar ka sa printf (umarnin da ke fitar da rubutu daga kod) don ganin abin da ke faruwa sai motar lantarkin famfon ta fara tangal-tangal, shin ka sayi J-Trace (na'urar bin sawun aikin firosesa) ne ko yaya. Kar ka saya tukuna don Allah.

Duba lissafin nan. UART, wato hanyar tura haruffa ɗaya bayan ɗaya ta waya, a saurin bit 115200 a sakan tana tura bit 10 kan kowane harafi, wato kusan mikrosakan 87 harafi ɗaya, layi mai harafi 50 ya cinye milisakan 4 da ɗoriya kenan. Cif ɗinka yana gudu a 72 MHz, ka ga zagaye sama da 300,000 sun tafi yana tsaye yana jiran waya, in kuma a cikin intarap ɗin PWM (ɗan kod ɗin da ke katse aiki don daidaita wutar da ke zuwa wa motar) ka sa shi to khalas, ai dole mota ta yi gardama. Ko ka sa DMA, mai kwashe bayanai ba tare da firosesa ba, tsara rubutun da printf ke yi har yanzu firosesa ce ke ɗaukar nauyinsa.

SWO, ƙafar da cif ke fitar da bayanan bincike ta cikinta, daban take. Cortex-M3, firosesar cif ɗinka, yana da sashen aika saƙon bincike mai suna ITM a cikinsa, ƙofofi 32, kai dai ka ajiye lamba a rajista ɗaya ka wuce, shi zai fitar da ita ta ƙafa ɗaya tal, PB3 a naka cif ɗin. Amma fa gara ka tura lambobi zalla ba jimloli ba, kuma in ka cika masa ciki da yawa ko dai ya sa ka jira ko wasu bayanan su zube. Mushkilar da na fi gani wurin 'yan'uwanmu ita ce ƙananan ST-Link (dibagar da ke haɗa cif da kwamfuta) na kwafi ɗin nan masu kama da filasha, yawancinsu ba su fito da ƙafar SWO ba, sai an yi musu walda. ST-Link ɗin da ke jikin bod ɗin gwaji na Nucleo yana da ita. Akwai kuma wata hanya, RTT na kamfanin SEGGER, yana rubutu a RAM sai dibaga ta kwashe ta SWD (wayoyin da ke haɗa ta da cif) alhali cif na kan aiki, shi ma sauƙi gare shi sosai.

ETM, sashen bin sawu da ke cikin wasu cif-cif, shi ne babban yaya, ba ka ƙara ko layi ɗaya a kod ɗinka ba yake nuna duk hanyar da firosesa ta bi, umarni bayan umarni, har inda ta afka HardFault, wato babban kuskuren da ke katse aikinta. Sai dai yana cin ƙafafu 5, 4 na bayani 1 na agogo, kuma na'urorin da ke karanta shi, J-Trace ko Lauterbach, maganar dubban riyal ake. Sannan in ɗan bod ɗin nan Blue Pill ne a hannunka, F103C8 mai ƙafa 48 bashi da ETM ma sam, kuɗinka ne zai tafi a banza.

Ni shawarata, cire printf daga intarap yau ɗin nan, jona PB3, sannan ka kunna ma'aunin zagaye na DWT da ke cikin firosesar ka ga ainihin lokacin da intarap ɗin ke ci. In ka auna ka turo mana adadin mu duba tare.