Zauren Tunawa da Mao a Beijing: Layin Awa Guda, Kallon Minti Ɗaya

Shiga zauren da ke dandalin Tiananmen, inda aka ajiye gawar Mao Zedong, tsohon jagoran China, kyauta ce, amma ba a zuwa kai-tsaye. Sai ka yi rajista ta manhajar waya ta WeChat tun kafin ranar, da lambar fasfo, kuma fasfon nan za a duba a shingen dandalin Tiananmen. Da safe kawai ake buɗewa, ƙarfe 8 zuwa 12, ban da Litinin. Inda baƙi suka fi yin tuntuɓe shi ne jaka: ba a shiga da ita, haka kyamara da ruwan sha. Wurin ajiya yana tsallaken titi ta gabas, ana biyan 'yan kuɗi, kuma wanda ya manta sai ya fita ya sake bin layi daga wutsiya. Silifas da singileti ma ba su wucewa. Mai hula kuwa ya shirya cire ta a bakin ƙofa.

Da ka shiga, mutum-mutumin Mao na farin dutse ne a zaune, furanni jibge a gabansa. Ɗaki na biyu ne gawar, cikin akwatin gilashi, an lulluɓe ta da jar tutar jam'iyyar Kwaminis. Ba tsayawa, ba magana. Kafin ka gama kallon fuskar, wadda ta yi sheƙi kamar kakin zuma, masu gadi sun tura ka waje wurin masu sayar da tsaraba.

Tsari da tsafta, sai sam barka. Tarihi ne babu. A hanyar da ake bi da kai ba abin da zai gaya maka yadda ɗan manomin Shaoshan ya yi fice a Doguwar Tafiya ta 1934 zuwa 1935, wato tattakin ja da baya na sojojin Kwaminis, har ya shelanta sabuwar ƙasa, Jamhuriyar Jama'ar China, a 1949. Balle yunwar da ta biyo shirinsa na gaggauta bunƙasa noma da masana'antu na 1958, wadda masana ke ƙiyasta ta ci rai miliyan 15 zuwa 45, ko Juyin Al'adu na 1966 zuwa 1976, yunƙurinsa na kawar da tsoffin al'adu da abokan hamayya. Ita kanta jam'iyyar ta amince a 1981 cewa ya tafka kurakurai, sai dai ta ce alherinsa ya rinjaya.

Abin mamaki, Mao ya sa hannu a 1956 cewa a ƙone gawarsa. Ya mutu a 1976, aka kammala ginin a 1977. A bene kuma akwai ɗakin karrama Liu Shaoqi, shugaban ƙasar da ya mutu a tsare a 1969, a tsakiyar Juyin Al'adun.