Aikin wani gareji a Agege: yadda aka shirya mini Peugeot 504 don tseren rali

Wata huɗu ke nan da na karɓo motata, Peugeot 504 haɗin Kaduna, daga wani gareji da ke kusa da titin jirgin ƙasa a Agege ta Legas, inda na kai ta domin a mayar da ita motar tseren rali, wato tseren motoci a hanyoyin daji, irin na masu sha'awa. Na dakata da yin magana a kan aikin har sai da na gwada ta sau uku a hanyoyin burji na wajen Epe, sau biyu cikin ƙura, sau ɗaya bayan an ɗauke ruwan sama.

Zaɓen wannan mota ya samo asali ne daga wani aminina da ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, wanda ya ci kofuna a tseren motoci a zamanin ƙuruciyarsa, kuma ya girme ni da kusan shekara 20. A Idi-Araba muka saba, a teburin mai shayi bayan sallar isha'i, kuma a bakinsa na fara jin cewa 504 ce ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975 a hannun Ove Andersson, wato shekarar da kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci, sannan Jean-Pierre Nicolas ya sake lashe shi da ita a 1978. Labarin da ya fi maimaitawa shi ne na tseren Bandama na ƙasar Kwaddibuwa a 1972, wanda babu mota ko ɗaya da ta kai ƙarshensa. Yakan ce mini: "Ƙanena, ka bar injin tukuna, ka fara da ƙafa. Motar da ta karye a daji ba ta da lamba."

Ranar da na shiga garejin, maigidan wurin, wani dattijo Bayarabe da ya yi shekaru yana aiki a Kaduna kuma yake jin Hausa sosai, bai ko buɗe bonet ba. Ya zagaya motar, ya danna kowace kusurwa da gwiwarsa yana kallon yadda take tasowa, sannan ya kwanta a ƙarƙashinta da tocila yana bin wuraren da tsatsa ta ci. Haka marigayin yake yi wa kowace mota kafin ya yarda ya zauna a cikinta, kuma wannan ne ya sa na bar makullin a wurin ba tare da na je neman wani gareji ba.

Aikin da ya fi burge ni shi ne kejin ƙarfen da ke kare direba idan mota ta wuntsila. Wasu masu walda da bututun ruwa suke yinsa, wanda yake da ɗinki a tsawonsa, kuma daga wannan ɗinkin yake tsagewa idan nauyi ya faɗo masa. Dattijon ya miƙo mini guntun da ya yanke ya ce, "Alhaji, sa yatsanka a ciki," na sa, na ji shi sumul babu ɗinki. Faɗinsa milimita 45 ne, kaurinsa 2.5, daidai da ɗaya daga cikin ma'aunan da hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta amince da su ga babban bakan keji. Domin walda ta zagaye mahaɗun da ke manne da rufi, sai da suka huda daben motar suka sauke kejin ƙasa, suka gama, suka ɗaga shi, sannan suka toshe hujin da faranti mai kauri wanda ƙafafun kejin suka zauna a kai. Wanda yake gaggawa ba ya yin wannan, domin wuri ne da idon mai mota ba ya kaiwa.

A kan ƙafa mun ɗan yi jayayya. Ni na so a ƙara wa sifirin tauri, shi kuma ya nuna mini cewa a kan gargada mota mai taurin ƙafa tsalle take yi, kuma tayar da ke sama ba ta juyawa da sitiyari, ba ta jin burki. Ya ɗan ɗaga motar, ya sa shakazoba masu jure zafi, ya rufe tukunyar baƙin mai da farantin alminiyam, ya zuba man burki DOT 4 wanda sabonsa ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Celsius. Injin kuwa wanke lagireto da gyaran kafireto da sabuwar matatar iska kawai ya samu, kuma yawancin kayan a kasuwar Ladipo aka same su.

Akwai inda suka gaza, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Sun yi alkawarin mako 6, aikin ya ci mako 11. Sun kawo mini bel ɗin kujera na hannu wanda wa'adinsa na shekara 5 ya wuce, sai da na karanta takardar da ke ɗinke a jikinsa na mayar musu. Mafi muni shi ne makunnin da ke yanke wutar mota gaba ɗaya lokacin haɗari: na murɗa shi injin yana aiki, injin bai mutu ba, domin yaron da ya yi wayarin batir kawai ya yanke, ya bar altaneta tana ci gaba da ba da wuta. Dattijon ya karɓi laifin, ya gyara ba tare da ƙarin kuɗi ba, amma duk wanda zai kai musu mota ina ba shi shawara ya bar musu walda da ƙafa, ya zo da nasa mai aikin wuta, kuma a rubuta ranar gamawa a takarda.

A gwaji na uku, bayan ruwan sama, na shiga wata doguwar kwana mai santsi da giya ta uku, bayan motar ya zame a hankali kamar yadda ake so, ya dawo layi da ɗan juyin sitiyari. Da na tsaya na durƙusa na kai tafin hannuna kusa da kowace shakazoba, yadda marigayin ya koya mini, na ji zafinsu ya yi daidai da juna, kuma babu wadda ta zubar da mai. Wata mai zuwa zan mayar musu da motar domin su yi wa tankin mai faranti irin wanda suka yi wa tukunyar baƙin mai.